Masoyi Mai Shan Jini: Abin da 'Yan Matan Karkarar Kano Ke Kallo Bayan Isha'i

Da kaka, idan aka idar da sallar isha'i a ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi, wuri biyu za ka tarar da haske: masallaci da shagon caji. Masallaci ba ya jimawa ake rufe shi. Shagon caji kuwa sai dare ya raba.

Faɗin shagon bai wuce tabarma biyu ba. Jikin bango katako ne aka jera wa soket, wayoyi na reto, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba don kada a ba wani ta wani. A lungu ga tsohuwar kwamfuta da fuskarta ta tsage, an ɗaure ta da salatif. Saurayin da ke gabanta da rana yana gona wajen cirar gyaɗa, har yanzu da ƙasa a farcensa.

Yaro zai shigo da memori a ƙulle cikin leda. Ba nasa ba ne. Yayarsa ce ta aiko shi, ko amaryar gidansu da ba ta fita.

"Yaya, wai a ɗora mata daga inda ta tsaya. Na mai shan jinin nan."

Mai shago ba ya tambayar sunan fim, ya san wanda ake nufi. Kafin yaron ya gama kallon wayoyin da ke bango an cika memorin, ya miƙa canjin da aka ba shi, ya ruga gida. A wannan daren, a wani ɗakin ƙasa da ke bayan rumbun gero, 'yan mata huɗu ko biyar za su haɗa kai a kan ƙaramar Itel, su rage murya don kada Baba ya ji, su ga ko yarinyar nan za ta zaɓi wan ko ƙanen.

Labarin da ke cikin memorin

Fim mai dogon zango da ke cikin memorin shi ne *The Vampire Diaries*, wanda tashar CW ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumba na 2009 ta kammala a Maris na 2017. Zango takwas ne, kashi 171. Kevin Williamson da Julie Plec ne suka tsara shi daga littattafan L. J. Smith da suka fara fitowa a 1991.

Labarin ba shi da wuyar kamawa. Elena Gilbert 'yar sakandare ce, marainiya, iyayenta sun rasu a haɗarin mota. A garinsu, Mystic Falls, sai ga sabon ɗalibi mai kunya da kawaici, Stefan Salvatore. Ta kamu da sonsa kafin ta gano cewa tun 1864 ya daina tsufa, kuma da jini yake rayuwa. Shi dai yana ƙoƙarin kame kansa, jinin dabbobi yake sha. Sai wansa Damon ya bayyana, wanda ba ya kame komai, kuma shi ma ita yake so.

Daga nan aka yi ta jan zare shekara takwas. Aka shigo da masu tsafi da masu rikiɗa su koma kyarkeci, aka mutu aka dawo, aka sake mutuwa. Da shirin ya karɓu sai ya haifi *The Originals* a 2013 da *Legacies* a 2018.

Ba shi ne na fari ba. *Buffy the Vampire Slayer* ya riga shi tun 1997, sannan littafin *Twilight* na Stephenie Meyer ya fito a 2005, fim ɗinsa a 2008, ya rikita 'yan matan duniya. Indiya ma ba ta zauna ba: kamfanin Ekta Kapoor ya yi *Pyaar Kii Ye Ek Kahaani* a 2010, wanda shi ma soyayyar ɗaliba ce da mai shan jini, ya biyo da *Naagin* a 2015, labarin macijiya mai rikiɗa ta zama mace.

A kwamfutar mai shago duk waɗannan jaka ɗaya suke, tare da na Koriya da na Turkiyya. Wanda aka fassara shi ya fi tafiya. Wanda ba a fassara ba kuma akan samu wata da ta yi sakandare ta riƙa bayani, sauran su cike giɓin da kallon fuska.

Hanyar da Indiya ta share

Wanda ya yi mamakin yadda 'yar manomi a Tsanyawa ke zubar da hawaye saboda wani Bature mai shekara ɗari da sittin, to bai san tarihin kallo a Kano ba. Tun wajen shekarun 1960 gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza ke cika da masu kallon Indiya, ba fassara, ba komai. Kakannin waɗannan yara sun kalli *Mother India*. Iyayensu sun kalli *Nagin* na 1976 da *Nagina* na 1986, inda Sridevi ta fito a macijiya, a kaset ɗin bidiyo da ake haya. Soyayya tsakanin mutum da wanda ba mutum ba ba baƙuwa ba ce a idon Bakano.

Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa abin da ya ja Hausawa ga fim ɗin Indiya shi ne sun ga matsalarsu a ciki: saurayi da budurwa suna so, iyaye sun ƙi. Wannan jigo ne ya cika littattafan soyayya na kasuwar Kano, irin *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya kuma bi 'yan fim tun bayan *Turmin Danya* na 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a kan yadda labarin waje ke shigowa ya sa rigar gida.

Sabon abin da ya faru a shekarun 2010 shi ne fassara. Kamfanoni irin su Algaita da Sultan suka riƙa ɗora muryar Hausa a kan fina-finan waje, da barkwanci da habaici irin na majalisa. Jarumin da ba ka taɓa jin yarensa ba sai ka ji yana zagin abokin gabarsa da Kananci. Daga lokacin ba sai ka yi boko za ka bi labari ba.

Yadda fim ke isa gona

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, abin da masana irin su Michael Mortimore suka rubuta a kai tun shekarun 1960. Gona na manne da gona, ba saura, ba daji. Kana fita daga wannan ƙauye kana hango kukar na gaba. Taki daga birni yake zuwa, hatsi ya tafi Dawanau, samari su tafi cin rani su dawo.

Ta wannan hanyar fim ma yake bi. Mai shago zai shiga birni ko ya je Bichi ko Dambatta ranar kasuwa, ya cika babbar ma'ajiyarsa wajen manyan masu turawa, wato masu ɗora wa mutane fim a waya, ya dawo ya riƙa sayarwa kashi-kashi. Wanda ya saya kuma zai tura wa abokai goma ta Xender kyauta. Ba a bukatar data, ba a bukatar tauraron ɗan'adam, ba a ma bukatar wutar gwamnati. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin caji ya tashi, wasu shagunan suka yi sanyi, amma da yawa suka koma sola, harka ta ci gaba.

Kallon ma da lokacinsa. Da damina, lokacin huɗa da noman farko, kowa a gajiye yake kwanciya, kuma aljihu babu nauyi. Da an shiga kaka, 'yan mata sun samu na roron wake da tsintar gyaɗa, ciniki sai ya buɗe. Da rani kuwa, in ba a yankunan da ake noman rani ba kamar bakin madatsar Watari ko ta Thomas, dare dogo ne kuma ba abin yi.

Akwai kuma amare. Waya ta zama kamar dole a cikin abin da saurayi ke kai wa budurwa, kuma yarinyar da aka kai ɗaki a wani ƙauye, miji ya tafi Legas ko Abuja neman kuɗi, wayar ce abokiyar hirarta. Masu shago sun san cewa babban cinikinsu daga matan da ba su taɓa gani ba yake zuwa.

Maye na gida, mai shan jini na waje

Dattawa idan suka leƙa suka ga saurayi ya kafa haƙora a wuyan yarinya, fassara ɗaya suke yi: maita ce. Kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, don kamannin suna da yawa.

A al'adar Bahaushe maye kurwa yake kamawa. Ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, ana gadonta ko a saya. Idan ya ga wanda ya kwanta masa sai ya kama kurwarsa ya ɓoye, mutum ya yi ta ramewa yana sambatu. Shi ya sa yaro tun yana ƙarami ya iya cewa "kurwata kur" idan wani ya ƙura masa ido. Ana neman tsari da tafarnuwa, kamar yadda tsofaffin labaran Turai ke cewa tafarnuwa na korar mai shan jini, ko da yake a Mystic Falls wani ganye ne daban ke wannan aiki. Garuruwa da dama suna da Sarkin Mayu. Labarin mutumin da ke rikiɗa kura da dare kuwa kowace kaka tana da nata, ba sai an kawo mana kyarkecin Amurka ba. Ga kuma jita-jitar 'yan shan jini da ake ɗora wa alhakin haɗarin mota a manyan hanyoyi.

To amma dubi bambancin. Mai shan jinin fim saurayi ne kyakkyawa, da gidan gado, da mota, da kuɗin da ba a san ƙarshensa ba. Yana da nadama, yana kuka, 'yan mata na rububinsa. Tun Dracula na Bram Stoker a 1897 mai shan jinin Bature basarake ne, masu fim na zamani suka rage masa shekaru suka sa masa kayan makaranta.

Wadda ake kira mayya a ƙauye kuwa, mafi yawan lokuta tsohuwa ce, ko bazawara, ko baƙuwar da aka auro daga nesa, wadda ba ta da 'ya'ya maza da za su tsaya mata. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunanta cikin magagi, shi ke nan. A taru a ƙofar ɗakinta, a tilasta mata ta tsallake mara lafiya. In ya tashi an tabbatar, in ya mutu an fi tabbatarwa. Daga ranar ba mai sayen ƙosanta, ba mai neman auren jikokinta. A wasu wuraren Arewa abin ya kai ga duka da kisa, duk da cewa a dokar laifuka ta ƙasar nan jifan mutum da maita laifi ne.

Yarinyar da ta kwana tana tausayin Damon, wanda ya kashe mutane ba adadi, ita ce da safe za ta sauya hanya don kada ta bi ta ƙofar wannan tsohuwa. Ban ga alamar fim ɗin ya rage wannan tsoro ba, ban kuma ga ya ƙara shi ba. Duniyoyi biyu ne da ke zaune a kai ɗaya ba sa gaisawa.

Ba jinin ne ke riƙe su ba

Saurari hirar 'yan matan a bakin rijiya ko a hanyar Islamiyya. Ba a kan haƙora suke musu ba. Musun shi ne wa ya fi dacewa da Elena: mai hankali da zai lallaɓa ta, ko fitinanne da zai iya ƙona gari saboda ita. An rabu gida biyu, kamar yadda 'yan matan Amurka suka rabu lokacin da ake nuna shirin.

A nan, a ganina, sirrin yake. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, maza biyu suna jiran ta buɗe baki, kuma babu kawu ko baffa da zai yanke mata hukunci. Ta so wannan, ta sauya ra'ayi, ta koma wancan, duniya ba ta tashi ba. Mai shan jinin ma, duk ƙarfinsa, ba ya iya shiga gida sai mai gidan ya ce masa shigo.

Wadda ke kallon kuwa ta san cewa a nata garin zance na iya ƙarewa da zarar an kai kuɗin gaisuwa daga gidan da ba ta zaɓa ba. Auren dole ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin iyaye, malamai ma sun daɗe suna wa'azi a kansa, amma akwai tilas ɗin da ba a kiransa da sunan: kunyar uba, talaucin gida, ƙanne mata da ke biye, da surutun cewa ta daɗe a gida. Tana iya ƙin wanda ba ta so. Samun wanda take so shi ne aiki.

Sannan ga tsohon mafarkin nan na cewa mace za ta shiryar da mugun namiji da soyayyarta. Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. Damon yana tsoratar da mata, yana juya musu tunani, yana kashe na kusa da wadda yake so, amma labarin ya yi ta nema masa uzuri har ya zama gwarzo. Yarinyar da ta haddace cewa zafin kishi da fin ƙarfi alamar so ne, ba a Mystic Falls za ta yi zaman aure ba.

Iyaye da malamai

Koken iyaye mata ya fi karkata ga aikin gida: an bar tuwo ya ƙone, an makara sallar asuba, kuɗin talla ya yi giɓi saboda an biya mai turawa. Iyaye maza kuma wayar ce gaba ɗaya ba su yarda da ita ba, sai dai sau da yawa su ne na ƙarshen sanin tana gidan.

Malamai suna da hujjoji biyu. Ta farko tsiraici da rungume-rungume, kuma wannan ba ƙage ba ne: an yi shirin ne don matasan Amurka, da shan giya da kwana tare ba aure. Masu fassara kan datse wasu wurare, amma kwafin da ba a fassara ba yana zuwa ne yadda yake. Ta biyu ta shafi aƙida: matattu na dawowa, masu tsafi na tayar da gawa, ana kwaɗaita wa yaro rayuwar da babu mutuwa. Ga malamin da ke karantar da tauhidi a zaure, wannan ya fi tsiraicin haɗari.

Malaman boko kuma sun rabu. Wasu na ganin barci a aji da littafin da ba a buɗe ba. Wasu na cewa a makarantar da ɗalibai suka fi kujeru yawa, yarinyar da ta fi kowa kama Turanci sau da yawa daga waɗannan fina-finan ta tsince shi.

Samari na da nasu ƙorafin, kuma yana da ban dariya da ban tausayi. Ka wuni kana sussuka, ka yi wanka ka sa shaddarka ɗaya tilo, ka je zance, a riƙa auna ka da mutumin da ba ya gumi. Su ɗin ma dai ba a bar su a baya ba, nasu memorin cike yake da faɗan Indiya da yaƙin Ertugrul. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin lura, *Twilight* da ake haɗawa da sauran a tsine musu tare, marubuciyarsa mai riƙo da addininta ce, 'yar ɗariƙar Mormon, kuma jarumin ya ƙi kusantar yarinyar sai bayan an ɗaura aure. Da an sauya sunaye, da yawa cikin marubutan soyayya na Kano za su ce nasu ne.

Mai tacewa da abin da ba ya tatuwa

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci. Tun daga nan 'yan Kannywood ke shan matsa. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, aka kuma ɗaure wasu 'yan fim lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin hukumar. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa bayan malamai sun yi ca. A 2021 aka hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango fiye da ashirin, har da *Labarina* da *Dadin Kowa*, kan batun kawo su a tace kafin a saki.

Duk wannan a kan na gida ne, masu ofis da adireshi. Furodusan Kano ba zai bari jarumi ya riƙe hannun jaruma ba, amma a wayar da ake kallon fim ɗinsa, jakar da ke kusa tana ɗauke da abin da ko a mafarki ba zai ɗauka ba. Hukumar na yi wa masu turawa rajista, ana kuma kai samame a birni lokaci-lokaci. Sai dai babu jami'in da zai iya bin kowane shagon caji daga Kunchi zuwa Minjibir, balle ya tsaya tsakanin waya da waya.

'Yan fim sun daɗe suna kukan cewa fassarar Indiya da turawa ne suka kashe musu kasuwar faifai, abin da ya kora su YouTube da tashoshi irin Arewa24. Masu turawa kuma amsarsu ita ce sana'a suke yi, abin da aka tambaya shi suke bayarwa, kuma da wannan ɗan shago suke ciyar da gida a shekarar da taki ya gagari talaka.

Kannywood ta sha yin fina-finan aljanu da bokaye, amma kusan kullum aljani abin tsoro ne, malami ya zo ya yi ruƙiyya a ƙarshe. Aljanin da za a so, a yi kishi a kansa, a tsaya ana zaɓe tsakaninsa da mutum, wannan da wuya ya tsallake teburin tacewa.

Sun fara rubuta nasu

Inda ya samu mafaka shi ne rubutu. Littafin soyayya na takarda ya ja baya, amma ya koma waya: Wattpad, ArewaBooks, zaurukan WhatsApp, da tashoshin YouTube da ke karanta labari da murya don wadda ba ta iya karatu ba ko hannunta na cikin wanke-wanke. Mafi yawan marubutan mata ne, da yawa da sunan aro.

A cikin waɗannan labarai za ka tarar da yarima daga jinsin aljanu ya kamu da son 'yar talakawa, ko kyakkyawan saurayin da danginsa ke ɓoye wani mugun gado. Ƙashin labarin na Mystic Falls ne da Mumbai, amma an yi masa sutura: jarumar na sa hijabi, tana azkar, kishiya da uwar miji na nan, kuma namijin dare da a da ake kai mace wajen malami a kansa ya zama mai mota da kamfani. Shafukan farko kyauta ne. Idan labari ya kai inda za ta faɗi wanda ta zaɓa, sai marubuciya ta rufe, ta sa lambar asusu, ta ce mai son ci gaba ta turo 'yan ɗaruruwan naira. Mai karatu a ƙauye da ba ta da asusun banki sai ta ba ƙanenta kuɗin ya kai wa mai POS, wanda sau da yawa shi ne dai mai shagon cajin.